Hurumi, Gandu da Diyya: Tarihin Kalmomin Dokar Keɓe Ƙasa a Aujara da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ran da ma'aikatan gwamnati suka zo da labarin za a keɓe wani daji, ya san cewa takardar da suke riƙe da ita da Turanci aka rubuta ta, amma da Hausa ake karanta wa jama'a. Tsakanin rubutun da karatun akwai tafinta. Abin da tafinta ya faɗa shi ne dokar da talaka ya ji, shi ne kuma abin da ya amsa wa da "to". Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi tarihin 'yan kalmomin da ake amfani da su idan hukuma za ta karɓi ƙasa don kiyaye itatuwa da namun daji, ko don yin wurin shaƙatawa, mu ga inda suka fito, da abin da suke nufi a doka, da kuma abin da Bahaushe yake ji idan an faɗe su. Ra'ayinmu shi ne, kalmomin Hausa da aka ɗauko don fassara waɗannan dokoki sun fi dokokin kansu alkawari. Watau kowace kalma ta zo da tsohuwar ma'anarta, wadda take sa mai sauraro ya zaci yana da haƙƙin da dokar ba ta ba shi ba.

Za mu tsaya a Aujara mu duba lamarin. Aujara tsohon gari ne na gabashin ƙasar Kano, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Jahun, a masarautar Dutse ta Jihar Jigawa. Ba don wani shahararren gandun daji muka zaɓe ta ba. Mun zaɓe ta ne don yankin ya haɗa ire-iren ƙasar da maganar ta shafa: ga jigayi inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa, ga fadamu idan an nufi arewa wajen Kogin Haɗeja, ga kuma burtalai da shanu suke bi. Har ila yau, yankin ya zauna a ƙarƙashin kowace doka da za mu ambata, daga masarautar Kano zuwa Lardin Kano da En'e ta Kano bayan 1903, sa'an nan Jihar Kano a 1967, sa'an nan Jihar Jigawa tun ranar 27 ga Agusta, 1991.

Kafin zuwan Turawa

Bahaushen ƙauye bai taɓa kiran ƙasa da suna guda ba. Akwai gona, akwai gandu wanda iyali suke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, akwai gayauna wadda ɗa ko mace take nomawa don kanta. Akwai saura, watau gonar da aka bari ta huta. Saura kuwa ko ta yi shekaru ba a sa mata fartanya ba, kowa a garin ya san gidan da yake da ita. Akwai fadama da makiyaya da mashaya da burtali. Sa'an nan akwai hurumi, filin da yake kewaye da gari, wanda ba a yarda wani ya share shi ya mai da shi gonarsa ba. Hanyoyin samun ƙasa su ma an san su: gado, da kyauta, da aro, da jingina, da saye, da kuma sharar daji bayan an nemi izinin dagaci. Wani abin lura shi ne, sau da yawa haƙƙoƙi sukan hau kan juna a fili guda. Gona ta wane ce da damina, amma bayan girbi makiyayi yakan shiga da shanunsa su ci kara su bar taki, ɗorawar da take tsakiyar gonar kuma tana iya zama ta wani dabam.

Waɗannan al'adu suna da madogara a fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Kano suke hukunci da shi. Muhtasar na Halil yana da babi a kan matacciyar ƙasa, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan mas'alar, wanda aka sani da Ta'alimur Radi. A wannan fiƙihu, ƙasa tana fita daga hukuncin matacciya ta hanyoyi huɗu: a raya ta da gini ko shuka ko haƙa rijiya, ko ta zama harimin wani abu rayayye, ko shugaba ya yanka wa wani ita, ko kuwa shugaba ya killace ta, abin da ake kira hima. Daga harimi aka sami kalmarmu ta hurumi. Harimin gari kuwa, a wajen malamai, ya haɗa da wurin da mutanen garin suke yin itace da wurin da dabbobinsu suke kiwo, gwargwadon nisan da za a fita da safe a komo gida a ranar. Ke nan dajin da yake kusa da Aujara, wanda baƙo zai gani ya ce ba na kowa ba ne, a idon alƙali na mutanen Aujara ne gaba ɗaya, ko da babu wanda ya taɓa kafa ko turke a cikinsa.

Hima ita ce ta fi kusa da abin da muke kira keɓe ƙasa a yau, don haka ya kamata mu ɗan daɗe a kanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'i kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza don raƙuman zakka. An ruwaito Umar ya umarci mai gadin himar da ya bar masu 'yan ƙananan garke su shiga, ya tsare garkunan mawadata, domin mawadaci idan dabbobinsa suka halaka yana da gonaki da dabino da zai koma wa, talaka kuwa ba shi da komi. Malaman Malikiyya sun ɗora wa hima sharuɗɗa: ya zama ana bukatarta, ta zama kaɗan yadda ba za ta ƙuntata wa mutane ba, a ɗauke ta daga inda babu gini ko shuka, kuma don amfanin jama'a ne, ba don shugaba ba. Ba muna cewa kowane sarki ya bi waɗannan sharuɗɗa ba ne. Sarakunan Kano da hakimansu sun yi manyan gandaye da rinjoji waɗanda bayi suke nomawa, kuma talaka bai rasa abin kuka ba. Abin da muke nufi shi ne, akwai ma'aunin da aka yarda da shi, wanda malami zai iya ɗaukowa ya ce wa sarki ka wuce iyaka.

Daga mallaka zuwa haƙƙin zama

A watan Maris na 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya shaida wa manyan daular cewa duk haƙƙin da Fulani suka samu a kan ƙasa ta hanyar yaƙi ya koma hannun Ingila ta hanyar yaƙi, kuma idan gwamnati tana bukatar fili za ta ɗauka. Tun kafin wannan, wata doka ta 1902 ta riga ta ba Babban Kwamishina ikon mai da ƙasar da ba a zaune a kanta ƙasar gwamnati. Nan ne matsala ta farko ta shigo, domin ma'aunin Bature na gane ƙasa mai mai ita shi ne ya ga ɗaki ko kunya. Saura da hurumi da burtali ba su da ko ɗaya.

Wanda ya gaji Lugga, Sir Percy Girouard, shi ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don ya binciki tsarin ƙasa a Arewa. Wasu daga cikin masu faɗa a ji a kwamitin sun tasirantu da ra'ayin Henry George, Ba'amurken da yake ganin ƙasa ta al'umma ce, bai kamata ta zama hajar mutum ɗaya ba. Kwamitin ya tsaya a kan cewa mutanen Arewa ba su san mallakar ƙasa ta ɗaiɗaiku ba, alhali a karkarar Kano mai cunkoso an daɗe ana gadon gonaki, ana jinginar da su, ana sayarwa. Daga rahotonsu aka yi Dokar Ƙasa da Haƙƙin 'Yan Ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916. Dokar ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba a zaune, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa baki ɗaya. Abin da mutum yake da shi bai wuce haƙƙin zama da amfani ba, kuma Gwamna yana iya soke shi idan da dalili mai kyau, ciki har da bukatar gwamnati. Turawa sun yaba da wannan tsari har suka kwafe shi zuwa Tanganyika a 1923. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ma ba ta rushe shi ba, sai dai Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962 ta mai da ikon hannun Minista, ta kuma raba haƙƙin gida biyu, na takarda da na gargajiya.

To, a nan ne za mu ga aikin fassara. Takardar da gwamnati take bayarwa, abin da sunanta yake nufi a Turanci shi ne shaidar zama a wuri. Mu kuwa a Hausa mun kira ta takardar shaidar mallaka, har yau haka ake faɗa a rediyo da ofisoshin ƙasa da safiyo. Mallaka kalmar fiƙihu ce mai nauyi, mai nufin abu ya zama naka ka yi yadda ka so da shi, kuma ba mai karɓe shi sai da yardarka ko da hukuncin alƙali. Doka ta ba mutum zama, harshe ya ba shi mallaka. An yi ta muhawara da Hausa a Majalisar Kaduna, amma rubutun da kotu take karantawa ranar shari'a na Turanci ne.

Gandun daji

Tsarin keɓe daji daga Indiya aka kawo mana shi. H. N. Thompson, wanda ya shugabanci sashen kula da dazuzzuka na Nijeriya a farkon ƙarni na 20, daga aikin daji na Bama ya zo, kuma dokokin daji na 1916 da 1937 sun bi sawun dokar Indiya ta 1878. Burin gwamnati a lokacin shi ne a keɓe kashi 25 cikin 100 na ƙasa. A Arewa tsoron hamada ya ƙara wa abin zafi, musamman bayan da E. P. Stebbing ya wallafa a 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu, ko da yake kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi kan iyaka a 1936 zuwa 1937 bai gaskata shi ba. A lardunan Arewa yawancin keɓewar En'e ce take yi da sunanta, bisa shawarar Turawan daji.

Hanyar da doka ta tsara tana da kyan gani a takarda. Za a buga sanarwa a jaridar gwamnati ta Gazet, a shaida wa mutanen yankin, a naɗa jami'i ya zauna ya saurari duk mai da'awar wani haƙƙi a cikin dajin, ya rubuta waɗanda ya amince da su. Haƙƙin da aka rubuta yakan ci gaba, alal misali ɗibar itacen girki ko 'ya'yan itace ko bin wata hanya. Wanda ba a kawo ba kuwa, ko aka kawo ba a amince ba, ya mutu daga ranar da aka tabbatar da keɓewar. Sai mu tambayi kanmu, su wa suke zuwa irin wannan zama? Dagaci da masu unguwanni da magidanta. Matan da suke tsinkar ganyen kuka da kaɗe da saiwoyin magani ba sa zuwa zauren da Bature yake. Bafulatanin da yake ratsa dajin sau biyu a shekara wataƙila yana can wata ƙasa da shanunsa lokacin da aka yi shelar. Kuma ko wanda ya zo, da wuya ya ce yana da haƙƙin shan inuwa ko yankar gamba don zana, domin abin da mutum ya tashi ya tarar kowa yana yi bai san sunansa haƙƙi ba sai ran da aka hana shi.

Sunan da aka ba wurin a Hausa shi ne gandun daji. Da an so a nuna wa jama'a cewa an keɓe ne dominsu, ga hurumi a kusa, ga hima. Amma gandu aka ɗauka, kuma a kunnen talakan ƙasar Kano gandun da ba na gidansu ba, gandun sarki ne, inda ake kai shi noman gayya ko na tilas, amfanin kuma ya tafi rumbun wani. Muna ganin wannan ita ce kalma guda daga cikinsu da ta faɗi gaskiyar dokar, ko da ba da niyya ba. Daga nan daji ya zama na En'e, malamin daji ya zama wanda ake gudu, ana sare itace da dare. Da aka ƙara da dokokin En'e masu hana sare wasu itatuwa kamar ɗorawa da kaɗanya da giginya sai da izini, ko da a cikin gonar mutum suke, sai manomi ya ga barin tsiro ya girma a gonarsa jawo wa kai magana ne.

Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da Dokar Keɓe Makiyaya ta 1965 sun bi wannan salo. A nan ne kuma maganar shaƙatawa ta shigo. Tunanin keɓe daji don mutane su je su yi kallo ya faro ne daga Yellowstone ta Amurka a 1872, kuma yarjejeniyar Landan ta 1933 ta shimfiɗa shi ga ƙasashen Afirka da suke ƙarƙashin mulkin mallaka. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga maziyarta a 1962. A Jihar Kano, gandun dajin Kogin Kano ya koma gandun namun daji na Falgore, kuma Gwamna Audu Bako ya gina gidan zu na Kano da masaukin Bagauda. Sai dai kada mu manta, Bahaushe yana da tasa shaƙatawar a daji tun da, watau farautar rani, wadda garuruwa suke fita da kiɗan tauri da karnuka. Don baƙo ya sami namun da zai kalla, sai wannan ta koma laifi. Ba muna kare farautar da ta ƙarar da namun dawa ba ne, amma dai a san cewa an musanya nishaɗin wasu ne da na wasu.

Dokar 1978: amana da maslaha da diyya

Dokar Amfani da Ƙasa, mai lamba 6 ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. An kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Ita ce take aiki a Aujara har yanzu. Sashe na 1 ya ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya. Sashe na 36 ya bar manoman karkara a kan gonakinsu kamar an ba su haƙƙin gargajiya, amma ya hana su sayarwa, hanin da kowa ya san ba a bi ba.

Idan muka duba fassarar da dokar ta yi wa bukatun jama'a, za mu tarar ta lissafa abubuwa tara, kamar amfanin gwamnati, da tsabtar gari, da hanyoyi, da lantarki, da ma'adinai, da masana'antu, da ilimi. Babu daji ko namun daji ko wurin shaƙatawa a cikinsu da suna. Sai a shigar da su ta ƙofar amfanin jama'a gaba ɗaya, ƙofar da faɗinta ya isa komi ya bi. Sharuɗɗan hima na bukata da ƙanƙanta ba su da takwara a nan. Abin da kotuna suka iya yi shi ne su tsananta a kan sanarwa: Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa sokewar da ba a isar wa mai haƙƙi ba, ko wadda aka yi don a miƙa wa wani mutum filin don amfanin kansa, ba sokewa ba ce.

Diyya ita ce kalmar da ta fi kowace yaudarar kunne. A shari'a diyya fansar rai ce ko gaɓa, mai ƙayyadadden adadi, wadda aka yi don ta tsaya a madadin abin da aka rasa. Wanda aka ce wa za a biya shi diyyar gonarsa, kuɗin gonar yake sa rai. Amma sashe na 29 bai san kuɗin ƙasa ba, tun da ƙasar ba ta mutum ba ce. Abin da ake biya shi ne gyaran da mutum ya yi wa ƙasar da kuɗinsa ko ƙarfinsa wanda amfaninsa bai ƙare ba: gini, da katanga, da hanya, da aikin ban-ruwa, da itatuwan da aka shuka, da amfanin da yake tsaye a gona. Dokar ta fitar da sakamakon noman yau da kullum daga lissafi.

Bari mu ƙaddara an keɓe wani fili a bayan Aujara don shingen itatuwa. Mai gidan da yake cikin filin za a ƙiyasta masa kuɗin sake gini, a cire tsufa. Mai mangwaro za a ƙirga masa bishiyoyi. Manomin gero, idan ma'aikata suka zo da damina, za a biya shi amfanin shekara guda. Idan da rani suka zo, babu abin ƙirgawa sai kara. Wannan manomi kuwa shi da ubansa da kakansa sun shekara da shekaru suna kai taki a mangala bisa jakuna, kuma duk wanda ya san jigawa ya san takin nan shi ne gonar, in babu shi rairayi ne kawai. A idon doka wannan noman yau da kullum ne. Gaskiya ne sashe na 6 ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba manomin da aka soke haƙƙinsa na gargajiya wata gona a madadi, amma bai ce ta yi daidai da ta farko a kyau ko kusanci ba, kuma a ƙasar da kowane taƙi yake da mai shi, ina za a samo ta in ba a makiyaya ba? Mai saura ba shi da abin nunawa. Kukar da ta tsiro da kanta, wadda gida uku suke miya da ita, ba wanda ya shuka ta. Makiyayi da masunci da mai yin itace, su da amfaninsu ba ya barin alama a ƙasa, ba su ma shiga lissafi ba. Ke nan ma'aunin 1902 na ɗaki da kunya yana nan, ya sake riga ne kawai. Wuraren da ake keɓewa don kiyaye halitta kuwa, su ne daidai wuraren da babu ɗaki babu kunya, don haka a irin wannan karɓa ne diyya ta fi zama suna kawai.

Idan filin na al'umma ne, dokar ta bar wa Gwamna zaɓi ya biya al'ummar, ko shugabanta, ko ya zuba a wani asusu. Sashe na 47 kuma ya hana kotu duba yawan diyya ko ƙarancinta, duk da cewa Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da aka yi da Gwamnan Jihar Kaduna a 1986, ta ce wannan hani ya saɓa wa tsarin mulki. Abin da ya faru a Bakolori a watan Afrilu na 1980, inda 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a kan rikicin diyya, aikin dam ne ba na daji ba, amma kalmar da aka yi saɓani a kanta ita ce wannan.

Baturiya, da abin da maƙwabta suka yi

Ruwan da yake cika fadamun arewacin Jahun shi ne yake gangarawa gabas ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke sauka lokacin hunturu. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Chalawa na 1992 sun canza yadda ruwan yake zuwa, kachala ta toshe magudanai, aka shiga takara a kan abin da ya rage. A cikin wannan dausayi ne Baturiya take, a masarautar Haɗeja. A 2008 an sa ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar ta 1971, da faɗin hekta 101,095. Ginshiƙin wannan yarjejeniya shi ne amfani da hikima, watau a ci gaba da su da noma da kiwo yadda ba za a kashe dausayin ba. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da sa Baturiya, tare da Falgore, cikin wurare goma da za a ɗaga zuwa gandayen ƙasa. Dokar gandayen ƙasa ta 1999 tana hana shiga da farauta da kiwo da su da sare itace sai da izini. Ga fili guda da suna biyu, ɗaya yana cewa a ci da hankali, ɗaya yana cewa a fita. Da Hausa kuwa duka biyun gandun daji ake kira, don haka masuncin Baturiya ba shi da hanyar ganewa daga sunan ko wanne ne ya hau kansa. Tarihin Yankari ma abin dubawa ne, domin ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006, sunanta na Hausa bai motsa ba.

Ba dole ne doka ta makance ga amfanin da ba ya barin alama ba. Jamhuriyar Nijar ta gaji tsarin Faransa mai ɗaukar ƙasar da ba a noma ba a matsayin wofi marar mai ita, amma dokarta ta karkara ta 1993 ta ƙirƙiro wa makiyaya haƙƙin fifiko a yankin da suke komawa su zauna mafi yawan shekara, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da suke rubuta haƙƙoƙi a matakin ƙauye da gunduma. A yankin Maraɗi, da manoma suka sami tabbacin cewa itacen gonarsu nasu ne, sai suka shiga barin gawo da sauran tsirrai suna girma a gonaki ba tare da malamin daji ya tsaya a kansu ba. A Amurka kuwa, jihohi kamar New Jersey, wadda ta fara shirinta na sayen filaye don kiyayewa da shaƙatawa a 1961, sukan sayi fili a farashin kasuwa, ko kuwa su sayi haƙƙi guda kawai daga cikin haƙƙoƙin mai shi, kamar haƙƙin yin gini, su bar shi da gonarsa yana nomawa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san gonar wane da ɗorawar wane a fili guda. A Jigawa ma, aikin shata burtalai da makiyaya da aka ƙarfafa a zamanin Gwamna Sule Lamido ya nuna ana iya rubuta haƙƙin wanda yake wucewa kawai.

Gyaran dokar 1978 ya fi ƙarfin wannan taro. Amma fassara aikinmu ce, mu malaman Hausa, kuma daga ɗalibanmu ake samun masu karanta labarai da tafintocin kotu da masu rubuta sanarwar gwamnati. Muna ba da shawarar a riƙa cewa takardar haƙƙin zama, a bar mallaka ga abin da aka mallaka. Inda doka ba ta biyan kuɗin ƙasa, a ce kuɗin gini da shuka, a daina cewa diyya. Ga wuraren keɓewa kuma a rarrabe suna: gandu ga inda aka hana shiga, hurumi ga inda jama'ar gari suke da rubutaccen haƙƙin itace da kiwo da su. Idan an yi haka, ran da ma'aikata suka zo zauren dagacin wani ƙauye na Aujara da takardarsu, wanda aka tambaya ko ya yarda zai iya fara tambaya tukuna, gandu za a yi ko hurumi, kuma sunan wa da wa aka rubuta a ciki.